Kalsiyam zalla, mai D3, ko wadda aka haɗa komai a ciki: wace hoda ce ta dace da hawainiyarka?

Duk wanda ya fara kiwon hawainiya akwai ranar da zai tsaya gaban robobin hoda huɗu ko biyar, dukkansu farare fat, dukkansu da hoton ƙadangare a jiki, ya rasa wacce zai ɗauka. Wannan an rubuta kalsiyam, waccan kalsiyam da D3, ɗayar kuma bitamin kala-kala, ga wata can da ke cewa ita kaɗai ta isa ba sai ka sayi komai ba. Ni dai lokacin da na fara sai na ɗauki wadda ta fi yawan rubutu a bayanta, a tunanina ai yawan sinadari shi ne inganci, kuma wallahi da kaɗan na hallaka dabbar da hannuna, zan zo kan wannan.

Amma kafin a yi maganar roba bari mu fahimci me ma ya sa ake barbaɗa hodar. Hawainiyar da ke daji tana cin ƙwari iri-iri, ƙuda, ƙudan zuma, fara, gizo-gizo, wani lokaci har ƙananan ƙadangaru, kuma ƙwarin nan su ma sun ƙoshi da ganye da furanni daban-daban. Ta keji kuwa gyare ne yau gyare ne gobe, in an canza mata a ba ta kyankyaso ko tsutsa. Matsalar gyare da yawancin ƙwarin da ake kiwo don ciyarwa shi ne fosfaras ɗin jikinsu ya ninka kalsiyam sau da yawa, alhali abin da jikin hawainiya ke so kusan kashi 2 na kalsiyam ne a kan kashi 1 na fosfaras. Wato lissafin a kife yake. In jini ya rasa kalsiyam jiki ba ya zama ya jira, sai ya koma yana kankaro shi daga ƙashi don zuciya da tsoka su ci gaba da aiki, a hankali ƙashin ya yi laushi, muƙamuƙi ya zama kamar roba, ƙafa ta lanƙwashe ka ga kamar tana da gwiwa biyu, riƙon reshe ya yi rauni ta dinga faɗowa. Masu kiwo suna ce masa MBD a taƙaice, ciwon laushin ƙashi ke nan. Kuma abin takaicin ko an yi magani ƙashin ya sake ƙarfi, lanƙwasar nan ba ta miƙewa, tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya amma a yi dubu ba a fito ba.

To kalsiyam ɗin ma ko ka cika mata ciki da shi hanji ba zai tsotse shi yadda ya kamata ba sai da bitamin D3. Nan ne duk rigimar take, don hanya biyu ce D3 ke shiga jiki, ta fata ko ta baki.

Ta fata shi ne hasken UVB, wanda ke cikin rana ko a fitila ta musamman. Hasken yana taɓa wani sinadari a fatar, ɗumi ya ƙarasa mayar da shi D3, hanta da ƙoda su sarrafa shi zuwa wanda jiki ke aiki da shi. Abin burgewa a wannan hanyar shi ne tana da birki, in D3 ya isa fatar da kanta take karkatar da ragowar ya zama wani abu da ba ya aiki, don haka ba a yin wuce gona da iri ta nan. Ita ma dabbar ta san abin da take yi. Gary Ferguson da abokan aikinsa a jami'ar Texas Christian da ke Amurka sun yi shekaru suna nazarin hawainiyar Madagaska da ake kira fanta, suka gano wadda aka rage wa D3 a abinci tana ƙara yawan zama a cikin hasken, wadda aka ba da yawa kuma tana rage shan hasken. Ta baki kuwa babu birki. Abin da ka barbaɗa shi za ta haɗiye, kuma D3 irin bitamin ɗin nan ne da ke narkewa a kitse, shi da A da E da K, ba sa fita a fitsari da sauƙi kamar su B da C, taruwa suke a hanta da kitse. In D3 ya yi yawa kalsiyam sai ya fara zama a inda ba wurinsa ba, ƙoda, jijiyoyin jini, ya daskarar da su, kuma ba za ka gani da ido ba sai abu ya yi nisa.

Shi ya sa ni a wurina tambayar wace hoda zan saya tambaya ta biyu ce. Ta farko ita ce wace fitila ke kan kejin.

Bari mu ɗauki robar farko, kalsiyam zalla, babu D3 babu fosfaras. Yawanci kalsiyam kabonet ne da aka niƙa ya yi laushi sosai, Zoo Med suna da Repti Calcium marar D3, Rep-Cal ma suna da nasu, Arcadia kuma suna da EarthPro-A wanda bayan kalsiyam an sa masa wasu ma'adinai da garin fure da ƙudan zuma ke tarawa amma shi ma babu D3 a ciki. Wannan ita ce hodar yau da kullum, kusan duk ciyarwa. Kyanta shi ne da wuya ka yi ɓarna da ita, tunda yawan abin da hanji zai tsotsa yana hannun D3, in jiki bai buƙata yawanci ya bi kashi ya fita. Rauninta kuma a fili yake, in babu UVB mai kyau to kusan kamar kana zuba ruwa a kwando ne, kuma ba ta da bitamin A ko kaɗan in zalla ce. Don haka ita kaɗai ba ta isa ba, amma ita ce ginshiƙin.

Roba ta biyu kalsiyam mai D3. Wannan ita ce ta fi rikita sababbin shiga saboda a ido ta fi kama da cikakkiya, mutum ya ce ai ga kalsiyam ga abin da zai sa a tsotse shi, me ya rage. Kuma yawan D3 ɗin ya bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani, wata an cika ta sosai wata kaɗan, sai ka juya robar ka karanta adadin IU da aka rubuta, wato ma'aunin yawan bitamin ɗin, kar ka ɗauka duk ɗaya ne. A tsohon tsarin da mutane da yawa suka daɗe a kai, ana ba da kalsiyam zalla kullum, mai D3 sau 2 a wata, bitamin ma sau 2 a wata, ana musanya su mako-mako, roba uku ke nan. Tsarin yana aiki, ban ce ba ya yi ba, amma sai ka tabbatar hodar bitamin ɗinka ba ta da D3 ita ma, in ba haka ba kana ninka shi ba ka sani ba. Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne mutum ya mayar da wannan robar ta kullum.

Ni ma shi na yi. Hawainiyata ta farko namiji ne irin na Yaman, mai doguwar hular nan a ka, wanda ya sayar min ya haɗa ni da roba ɗaya ya ce in dinga zubawa a kowane abinci, ni kuma da zumuɗi nake zuba gyare a kofi in antaya hoda in girgiza har su fito fari sol kamar an tsoma su a fenti, wasu ma kafin su kai reshe sun mutu don hodar ta toshe musu ƙofofin numfashi. Bayan wasu watanni na lura ƙasan wuyansa zuwa ƙirji ya kumbura kamar an cusa ƙaramar jakar ruwa, in ya ɗaga kai sai ka ga abin yana reto, cin abinci ya ragu, ya koma yana yini a reshe ɗaya. Da na kai shi wurin likitan dabbobin da ya san masu rarrafe tambayar farko da ya yi min ita ce in nuna masa robar, ya juya bayanta ya karanta ya kalle ni kawai. Aka dakatar da komai sai kalsiyam zalla da ruwa sosai, aka gyara fitila, kumburin ya ɗau makonni kafin ya saɓe. Ba kowane kumburin wuya ne daga hoda ba, ciwon ƙoda ma yana kawo shi, ta mace mai ɗauke da ƙwai ma takan yi, amma nawa dai laifina ne.

Sai roba ta uku, bitamin kala-kala, kuma a nan ne zan ɗan daɗe don maganar bitamin A ta fi ta D3 sarƙaƙiya. Iri biyu ake sa wa a hoda. Akwai wanda yake a shirye, retinol, za ka ga an rubuta bitamin A asitet ko falmitet, jiki yana ɗauka ya yi aiki da shi kai tsaye. Akwai kuma beta karotin, sinadarin nan da ke sa karas ya yi launinsa, wanda sai jiki ya sarrafa shi tukun ya zama bitamin A. Masu son beta karotin hujjarsu ita ce ba ya guba, jiki yana juya iya abin da yake so ne ya bar saura, kuma gaskiya ne a dabbobin da ke iya juyawar. Herptivite na Rep-Cal a kan wannan tunanin aka yi shi, babu retinol a ciki. Matsalar ita ce masu kiwo da likitoci sun sha ganin hawainiyar da ake ba beta karotin kaɗai tana zuwa da alamun ƙarancin bitamin A, ido ɗaya a rufe da rana tsaka, tana goga shi a reshe, kumburin ido, saɓa tana maƙalewa, yawan ciwon numfashi, harshe ya rage kaifin harbi. Dabbar da rayuwarta gaba ɗaya ido ce da harshe, in ido ya tafi ai farauta ta tafi. Wani bincike da aka yi a Zurik ta ƙasar Suwizalan aka wallafa a 2010 a kan jariran hawainiyar Yaman ya raba su rukuni-rukuni, kuma waɗanda suka fi samun lafiyar ƙashi su ne waɗanda aka haɗa musu UVB da kalsiyam da bitamin A. Shi ya sa ni na karkata ga hodar da ke da retinol, irin su Reptivite na Zoo Med, ko Calcium Plus LoD na Repashy, wato mai ƙarancin D3, ko RevitaliseD3 na Arcadia, amma kaɗan kuma jefi-jefi. Don shi ma retinol ɗin zuma ne da harbi, in ya yi yawa yana taɓa hanta da ƙoda, fata ta dinga saɓulewa, jiki ya kumbura, kuma wasu alamun yawan da na ƙarancin suna kama da juna, sai mutum ya ga ido a rufe ya ƙara hoda alhali hodar ce ta kawo matsalar, an gudu ba a tsira ba. In ido ya rufe kar ka yi wa kanka likita da kwalbar bitamin A ta mutane, ɗigo ɗaya na irin wannan ya yi wa ƙaramar dabba yawa nesa ba kusa ba.

Reptivite kala biyu ne fa, mai D3 da marar D3, a duba da kyau. In ka ɗauki mai D3 to ba ka buƙatar roba ta biyun can kwata-kwata.

Wanda ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi sauƙi ga yawancin mutane, roba biyu kacal. Kalsiyam zalla a kusan duk ciyarwa, sai hodar bitamin guda ɗaya mai ɗauke da retinol da D3 kaɗan sau 2 a wata, misali ranar 1 da ranar 15 don kar ka manta, a ranar kuma ba ka sa kalsiyam zallan, ita ce a madadinsa. D3 na gaske yana zuwa daga fitila, na hodar kamar ajiya ce ta ko-ta-kwana in fitila ta fara rauni ba ka lura ba. Idan ka kwatanta da tsarin roba uku, sakamakon kusan ɗaya ne amma nan damar yin kuskure ta ragu, babu wai wannan makon na wane ne, babu ninka D3.

To ita kuma hodar da ke cewa ita kaɗai a kullum fa? Irin su Calcium Plus na asali, wanda ba LoD ba, an tsara su ne a dinga sawa a kowane abinci, kuma ga ƙadangarun da ke yawo da dare waɗanda da yawa ake kiwonsu ba fitilar UVB tsari ne mai ma'ana. Akwai masu kiwon fanta da ta Yaman da ke amfani da mai ƙarancin D3 ɗin akai-akai kuma dabbobinsu lafiya lau, ba zan musa ba. Abin da ya hana ni shi ne lissafin ya dogara da yawan abincin. Jaririyar hawainiya tana iya cin ƙananan gyare 10 ko fiye a rana, babba kuma 3 zuwa 5 ne bayan kwana ɗaya ko biyu, ka ga in bitamin na manne da kowane ƙwaro to wadda ta fi ci ita ta fi sha, kuma nauyin hannun mai barbaɗawa ma ya bambanta, naka ba nawa ba ne. Da kalsiyam zalla nauyin hannu ba ya kisa. Da wadda aka haɗa komai yana iya yi. In ka ga dole sai ita don ba ka son ajiye roba biyu, to ka ɗauki mai ƙarancin D3 kuma hannunka ya zama marar nauyi sosai.

Duk wannan fa ga ta Yaman da fanta nake magana. Hawainiyar Jakson, mai ƙaho uku ɗin nan ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya wadda take haihuwa ba ƙwai take sakawa ba, ita da sauran 'yan tsauni jikinsu a sanyi yake aiki, komai a hankali, kuma sun fi kowa saurin kumburi in hoda ta yi yawa. Su ana rage musu ne, kalsiyam zalla kamar sau 2 a mako, bitamin sau 1 a wata. Wanda ya ɗauki jadawalin ta Yaman ya ɗora wa Jakson zai ga ba daidai ba.

Mace kuma lamarinta daban, musamman ta Yaman, don ko ba ta taɓa ganin namiji ba tana iya yin ƙwai, kuma ba ɗaya ko biyu ba, gommai a lokaci guda, kowane ɓawo daga kalsiyam ɗin jikinta yake fita, sannan tsokar da za ta turo ƙwan ma kalsiyam take buƙata. Wadda ta shiga wannan hali da ƙarancinsa ƙwai na iya maƙale mata, kuma wannan kisa yake. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba sai ciki ya fito za ka fara neman hoda ba. Amma maganin ba ƙara D3 ba ne, kalsiyam zalla ne kar ya yanke, fitila ta zama mai kyau, kuma a daina cusa mata abinci da zafi fiye da kima don su ne ke sa ta yin ƙwai masu yawa.

Fitilar da nake ta ambata, doguwar nan ake so mai siffar sanda, T5 HO, ReptiSun 5.0 ko Arcadia 6%, a saman keji mai raga, ba ƙaramin ƙwan fitilar nan mai murɗe ba wanda haskensa wuri ɗaya yake tsayawa kuma ba ya nisa. Masu na'urar awo ta Solarmeter 6.5 suna saita reshen shan ɗumi ya ba da UVI, wato ma'aunin ƙarfin hasken UV, kusan 3 a inda bayan dabbar yake. Gilashi yana tare UVB, don haka ajiye keji jikin taga a rufe ba shan rana ba ne. Kuma ƙwan yana ci gaba da haske bayan UVB ɗinsa ya yi rauni, idonka ba zai gaya maka ba, in ba ka da na'ura ka rubuta ranar da ka saka a jikinsa ka canza tsakanin wata 6 zuwa shekara gwargwadon abin da kamfanin ya ce. Wadda take samun rana ta gaske a waje a kai a kai, da inuwar da za ta gudu ciki in zafi ya yi yawa, wannan D3 na hoda ba ya cikin buƙatunta, sai ka nemi bitamin marar D3, shi ya sa ma hodar kalsiyam da ma'adinai ta Miner-All take da kala biyu, na cikin gida da na waje.

Barbaɗawar kanta, ɗan abin da yatsa biyu za su tsinka ya isa gyare da yawa. Ka sa a kofi mai zurfi, ka jefa ƙwarin, ka juya a hankali sau biyu uku, su fito da ɗan toka-toka kana iya ganin launin jikinsu, ba farare ba. Ka ba ta nan take kuma da safe bayan ta ɗumama, don gyare yana share jikinsa, in ya daɗe yana yawo a keji hodar ta kakkaɓe. Tsutsar baƙin ƙudan soja ita dama tana da kalsiyam mai yawa a jikinta ba sai an sa mata ba. Hodar bitamin kuma tana lalacewa da zafi da danshi da daɗewa, ka sayi ƙaramar roba tunda sau 2 a wata ne, ka rufe ta sosai nesa da inda kake fesa ruwa, kalsiyam zalla shi ba ruwansa, dutse ne.

Abin da ƙwarin suka ci kafin a cinye su shi ma rabin aikin ne, kuma babu hodar da za ta maye shi. Kwana ɗaya ko biyu kafin ciyarwa ka ƙosar da su da ganyaye masu duhun kore irin su ganyen mastad da dandeliyon, da karas, kabewa, gwanda. Alayyafo a rage shi don yana da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam, abincin kare ko na kyanwa kuma a bar shi gaba ɗaya, furotin ɗinsa ya yi yawa kuma ana danganta shi da ciwon gaɓoɓi na gawut a hawainiya.

In ka ga ɗan farin abu kamar gishiri ya taru a hancinta kar ka firgita ka yanke kalsiyam, mutane da yawa suna yin haka, gishiri ne da jikinta ke fitarwa ta hanci kuma yana gogewa. Abin da ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne harshen da a da yake cafko gyare daga nesa yanzu yana faɗuwa a rabin hanya, ko ƙafar baya tana kama ƙafar gaba maimakon reshe, ko rawar jiki in tana tafiya wadda ba rangajin nan nata na gaba da baya ba. Ranar da ka ga ɗaya daga cikinsu ka ɗauki dabbar da robobin duka da kwalin fitilar ku tafi wurin likita, don hoton ƙashi da gwajin jini ne za su nuna ƙari ake buƙata ko ragi.